Ɗaurin Fitilar Asabar

"Ɗaga ta kaɗan, Malam. A'a, ka zarce. Jemagu kake so in haska wa hanya?"

Malam Uba ya sauke fitilar har haskenta ya zauna cikin da'irar gawayin da ke jikin katangar gidansa. Da'irori biyu ne, maƙwabcinsa Othniel ke zana su tun shekarar da ya ajiye aikin tuƙi a gonar jami'a, ya sayi wannan 'yar taraktar lambu a gwanjo. Ƙarafan da ke riƙe fitilunta sun karye tun tuni, sai ya koma ɗaure su da robar tsohon tiyub. Hanyar fadamar Bomo kuwa ba ta da mutunci. Kafin mako ya zagayo robar ta saki, fitila ɗaya na kallon ƙasa, ɗaya na leƙen gonar mutane. Ɗaurin ba na mutum ɗaya ba ne, dole wani ya riƙe fitilar daidai, wani ya ja roba. Shi ya sa duk Asabar gab da magariba Othniel ke ƙwala kira ta kan katanga.

"Mutum kullum cikin sammako, amma ya ƙi gyara wa motarsa ido," in ji Malam Uba. "Ka shiga Sabon Gari mana, shagon Uzodinma, ka sayo ƙarfen nan mu huta."

"Zan je."

"Haka ka ce bara."

"To, bana ma zan je."

Bakin Malam Uba ne kawai ke son hutun. Tun rasuwar matarsa Zubaidatu da watsewar 'ya'ya zuwa Kano da Abuja, ba wanda ke neman komai a wurinsa. Samaru ta cika da ɗalibai masu jefo "sannu Baba" ba tare da sun dubi fuskarsa ba. Kiran nan na Asabar kaɗai ya rage masa, har kunyar kansa yake ji yadda yake jiransa. Abin da ke cin ransa, bai sani ba ko shi Othniel ke nema, ko kuwa hannu ne kawai, kowane hannu. Dattijo ba ya iya buɗe baki ya yi irin wannan tambaya.

Ran nan sau biyu robar na kuɓuce wa Othniel. Ya jingina da taya yana haki, tari ya sarƙe shi.

"Kawo in ja, kai ka riƙe," in ji Malam Uba.

"Malamin makaranta da jan roba? Ce maka aka yi alli ne?"

Amma ya miƙa. Malam Uba ya ja iya ƙarfinsa, ya naɗe, ya ƙulla. Hasken ya yi ta rawa a katanga, don Othniel ya kasa riƙe fitilar daidai. Da aka kira salla Othniel ya ce, kamar kullum, "Je ka, kada ka rasa raka'a saboda ni."

A cikin makon aka kai Othniel asibiti. Malam Uba ya je dubiya ya tarar yana barci, ya ajiye lemo ya dawo. Kafin ya sake komawa, wata hantsi ya ji kuka ya tashi a bayan katanga.

Bayan jana'iza, 'yar mamacin, Happiness, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta sami mai sayen taraktar.

"Baba, don Allah ku duba mini akwatin da ke ƙarƙashin kujerar. Ban san kan kayan nan ba."

Malam Uba ya buɗe. Sufana, filaya, da ragowar roba an yanka dogo-dogo. Can ƙasa kuma wata leda da baƙin mai ya cinye, cikinta ƙarafa biyu sababbi fil da notinsu.

"Au, ashe suna nan," in ji Happiness. "Ƙarfen fitila ne. Ni na raka shi shagon Uzodinma ya saya, ina da cikin Japheth, ga shi yanzu har ya shiga firamare. Na yi ta fama ya ɗaura, sai ya ce, 'In na ɗaura, da wane baki zan kira Malam?'"

Malam Uba ya daɗe yana juya ƙarafan a hannunsa. Ya so ya zagi rowar mutumin kamar yadda ya saba. Sai kawai ya mayar da su cikin ledar, ya rufe akwatin.

Da la'asar mai saye ya tayar da taraktar ya nufi ƙauyen Zabi, fitilun tsaye cak da ɗaurin ƙarshe.

Ruwan da aka yi a makon ya wanke rabin da'ira ɗaya. Ran Asabar gab da magariba Malam Uba ya fito da guntun gawayi daga madafa, ya tsuguna jikin katangar, ya bi layin a hankali har ya haɗe.