Gishiri Ya Bi Ta Tsakiya

...kuma ba wai ban gwada mantawa ba. Na gwada. Tun ranar da Cordell ya iso gidan nan abin ke cina. In ina wanki yana nan, in ina coci yana nan, ko waƙar da ake rerawa ban san inda aka kai ba. Ga shi yau zai tafi. Tarwaɗa na soyuwa, burodin masara na hucewa a bakin taga, ni kuwa na tsaya na zuba wa kwalbar gishiri ido kamar wadda aka yi wa asiri.

Ƙungiya ta huɗu ke nan da za ta ɗauke shi a wasan ƙwallon nan nasu, na jifa da hannu da karo da juna. Can arewa, inda ƙanƙara ke binne mota. Shekararsa talatin da uku. A wajena jiya na yaye shi, a wajensu kuwa ya tsufa, wai yaran can sun fara ce masa Tsoho tun bai je ba. Wata da watanni yana zaune da waya a hannu, ba wanda ya kira. Mutumin da rabin garin nan ke sa riga mai lambarsa... Ran da suka kira sai da ya yi kuka. Na ji a muryarsa, ko da ya ce mura ce.

Abu ɗaya ya rage. Gobe likitansu zai duba shi. In ya ce lafiya, a sa hannu. In ya ce a'a, shi ke nan, ba mai sake kira.

Tun yana sakandare muke wannan abu, ni da shi. Kowace ƙungiya da nata kiraye-kirayen, kowane kira da hanyar da mai cafe ƙwallo zai bi a guje, kuma dole ya haddace su kaf. Sai ya zo teburina. Kwalbar zuma ce mai jifa, ta barkono masu tare hanya, ta gishiri Cordell. Ni in karanto kira, shi ya tura gishiri inda ya kamata. Ni da ko makarantar ban gama ba! Ubansa Wendell, Allah ya ji ƙansa, yana jingine da firij yana mana dariya, "Loretta, ke kaɗai ce kocin da ke soya wa ɗan wasa kifi." Kuma yaron nan bai taɓa kuskure ɗaya sau biyu ba. Sau ɗaya za ka faɗa, ya zauna masa.

Wannan zuwan ma muka zauna, na karanto kira, na ce, "Jan Tsuntsu." Kamata ya yi gishiri ya miƙe gaba, ya karya waje, bakin layi — haka aka zana. Sai ya tura shi tsakiya. Tsakiya! Inda ƙattin nan ke jira, inda mutum ke ɗaga kai yana bin ƙwallo a sama, ba ya ganin mai zuwa. Na gyara masa. Ya ce, "Na sani, Mama, gwada ki nake." Muka yi wasu. Na dawo kan Jan Tsuntsu. Tsakiya. Na sake dawowa...

Gajiya ce. Doguwar hanya ce. Wa ba ya mantuwa? Ni ma na sha neman tabarau alhali yana goshina.

To barkwancin fa? "Mama, kin san can don sanyi har kifi ma rigar ulu yake sawa?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Kafin shinkafa ta nuna ya sake shigowa, "Mama, kin san can don sanyi..." Murya ɗaya, dariya ɗaya, har buga teburin iri ɗaya. Fuskarsa fes, bai san ya faɗa ba. Baƙin tabarau kuma a cikin ɗaki, wai fitilata ta cika haske. Fitilar da ya yi karatu a ƙarƙashinta?

Bara — Ubangiji, ba na son tunawa — bara aka yi masa karo a ka, yana kwance a kan ciyawa, hular kwanon ta yi gefe, hannunsa ɗaya a sandare sama kamar mai neman izinin magana a aji. Filin ya yi tsit. Ni tun yana ƙarami rufe ido nake in ƙwallo ta tashi, Wendell ya zungure ni, "Buɗe, ya cafe." Ranar ba mai zungurata. Da suka ɗauke shi ya ɗaga babban yatsa, sai mutane suka hau tafi. Tafin me?

Ya ga yadda nake kallon gishirin nan. Ya dafa hannuna. Hannun da duk yatsun sun karkace don cafe ƙwallo. "Mama, kar ki gaya wa Latrice. Shekara ɗaya kawai. Na san tambayoyin likitan, duk mun san amsar da suke so. Bari in fita da ƙafata, kar a ce jefar da ni aka yi."

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba. Na ce ya ci abinci.

Latrice matarsa ce, ba ta wasa. Tun bara ta rantse in ta sake ganin wata alamar bugun kan nan, da kanta za ta kira likitan, ko da auren zai girgiza. Shi ya sa ya yi ta fakewa da atisaye a wani gari, kar ta lura. Ɗazu ta kira, yaran na ihu a bayanta. "Mama, ke ba kya mini ƙarya. Yaya kika gan shi?" Na ce kifi na kan wuta, ta sake kira anjima. Ni da nake koyar da yara a coci kar su yi...

In na faɗa, na kashe masa abu ɗaya da ya iya a duniya. Tun yana shekara bakwai bai san wani abu ba. Zai zauna a kujera yana kallon wasu a talabijin, kuma duk ran da ya dube ni zai tuna bakin wa ya jawo. Ƙila ya daina zuwa teburin nan. In na yi shiru kuma, wata Lahadi mai jifa ya kira Jan Tsuntsu, ɗana ya bi ta tsakiya...

Na gaji. Ƙafafuna sun gaji, addu'ar ma na rasa me zan roƙa. Ya ci gwajin? Ya faɗi? Wace uwa ce ke roƙon ɗanta ya faɗi?

Ga shi can yana sa jaka a mota. Ya leƙo ta ƙofa yana murmushi, haƙoran ubansa sak.

"Mama, kin san can don sanyi har kifi ma..."

Na yi dariya. Na yi masa, me zan yi? Kifin ya ƙone ta gefe ɗaya. Wayar na rawa a kan tebur, tsakanin zuma da gishiri, sunan Latrice na haske. Ku da kuka haifa, ku gaya mini — in ɗauka? In na ɗauka, in ce mata me?