Rigar da Ɗan'azumi Ya Ɗinka wa Ordinatar

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, rana ta riga ta gasa kwanon kasuwar Wadata, sama fari fat, babu ko ɗan girgije. Daminar bara ba ta yi kyau ba, kogi ya ja baya sosai, sojoji kuma watansu uku da karɓar mulki. Ɗan'azumi tela yana kan kekensa, sai ga Balkisa ɗiyar yayarsa ta faɗo shago tana haki.

"Kawu, ordinatar ɗin nan zai kashe ni! Minti goma yake yi, ya yi ta gurnani kamar injin niƙa, sai ya ɗauke. Ƙarfe huɗu fa zan tsaya gaban malamai!"

Shekara guda Balkisa tana yawon ƙauyuka tana ɗaukar hoton rijiyoyin da suka ƙafe. Yau za ta kare aikin a jami'a, kuma dole ordinatar ɗin, wato kwamfutarta, ya yi awa guda cur yana haska hotuna a bango. In ya ɗauke, an ce sai baɗi.

Ɗan'azumi ya karɓa, ya ji zafi har ta cikin rigar. E, riga. Shi ya ɗinka mata da hannunsa: koriyar shadda, ciki ya shimfiɗa auduga, ta rufe sama da ƙasa da gefe ɗamau, allo da madannai kaɗai ta bari. A ganinsa abu mai daraja ba ya zama tsirara. Rediyonsa ma da rigarsa.

"Hau moto," ya ce. "Zongo za mu, wurin Bazabarmen nan."

Suka hau babur ɗin, suka keta tsakanin taksi da masu tura, suka rage gudu a gaban motar sojoji, suka sake ɗauka. Sumana mai gyara yana ganin Ɗan'azumi ya fara dariya, don shi Bazabarme ne, Ɗan'azumi kuwa Bagobiri, wasa tsakaninsu gado ne.

"Bagobiri, ka zo gaida ubangidanka?"

"Bar wasa yau, Sumana. Yarinyar nan ƙarfe huɗu take da shi."

Sumana ya juya na'urar, ya dubi rigar, ya dubi mai ɗinkin, ya riƙe ciki don dariya.

"Wa ya yi wannan? Aure za ka kai shi?"

"Ni na yi. Akwai laifi?"

Sumana ya jawo na'urar gabansa. Ya kunna, ya buɗe wani ɗan akwati a allo mai nuna zafin ciki. Lamba ta fito, saba'in da biyu. Kafin Balkisa ta gama gyara mayafi ta kai tamanin da biyar, fanka tana kuka.

"A ɗari ruwa yake tafasa," in ji Sumana. "Dubi, casa'in da huɗu. Ba lalacewa ya yi ba, kashe kansa yake don kar ya ƙone. Nan ƙasa yake shaƙar iska, nan gefe yake fitarwa. Kai kuma ka ɗinke masa hanci da baki. A watan nan, in aka naɗe ka a bargo, minti nawa za ka yi?"

Kunya ta kama Ɗan'azumi, bai iya duban Balkisa ba. Ya zaro ƴar rezarsa, ya warware ɗinkin da kansa.

Sumana ya kwance ƙusoshi ya ɗaga murfi. A bakin fankar ga wani curi kamar ƴar tabarma, ya ciro shi da hantsaki: ja, shuɗi, kore, ruwan ƙwai. Burbushin yadi ne, don kullum a shagon kawunta Balkisa take aiki, gidansu wuta ba ta zama.

"Kai! Ga ɗinkin salla na Wadata gaba ɗaya!" in ji Sumana. Mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo, wasu biyu suka biyo shi.

Sumana ya dafe fankar da tsinke ya hura mata iska, ya kankare tsohon man rage zafi da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar na'urar, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa. Ya mayar da murfi, ya ɗora na'urar kan marufan kwalba huɗu, ya kunna.

"Buɗe hotunanki duka, ƙanwata. Mu ba shi wahala."

Kowa ya zuba wa lambar ido. Hamsin. Hamsin da takwas. Sittin da uku, Ɗan'azumi ya dafe hula. Sittin da ɗaya!

"Ta sauko! Wallahi ta sauko!" Ɗan'azumi ya yi tsalle har ya kusa ture butar mai shayi.

Awa guda suka yi mata gadi, ba ta wuce sittin da biyar ba, fanka kuma sai ka kai kunne za ka ji ta. Balkisa ta zuba marufan a jaka, ta tare taksi.

Ɗan'azumi ya kasa komawa Wadata. Ya yi la'asar a nan Zongo, ya dawo bencin Sumana yana juya salula a hannu. Biyar da rabi ta yi ƙara.

"Kawu! Bai ɗauke ba! Na ci, Kawu, har tafi suka yi!"

Ya ɗaga wayar sama don kowa ya ji. Mai shayi ya yi kabbara.

"Ka mayar da rigar nan jaka," in ji Sumana, kansa a cikin wata na'urar. "Kuma ka je ka cire wa rediyonka tasa."

A ƙusar bayan ƙofa akwai rigar aikin Sumana, aljihunta ya yage yana lilo. Ɗan'azumi ya zaro allura daga hularsa, ya ɗinke shi da koren zaren da ya warware, ya mayar da ita inda take. Sumana bai ɗago ba. Shi kuwa ya tada moto ya nufi Wadata.