Faifai na Uku a Gidan Nicodemus

Abdoul Razak bai taɓa jin tsoron kiɗa ba sai ranar Lahadin da za a kai shi gaban mahaifin Abigel.

A Maradi ya tashi, a rumfar kawunsa mai kwafar kaset a bakin tasha. Kawun ya tara faifan Amurka da na Ingila na shekarun sittin da saba'in, irin waɗanda ma'aikata ke dawowa da su daga Abidjan, kuma yana da doka guda: ba ka ɗora faifai sai ka karanta bayan kwalinsa. Makaranta ba ta riƙe Abdoul Razak ba, amma bayan kwali ya karance shi tas. Ya san wa ya rera, wa ya kaɗa jita, a wane gari aka ɗauka. 'Yan tasha kuwa ba ruwansu da sunayen Turanci, nasu suke laƙaba wa mawaƙan: wannan Mai Gumi, wancan Bahago, waccan Sarauniya.

A birnin Greensboro na Amurka gyaran taya yake yi a wani gareji kan High Point Road. Nan Abigel ta same shi a shekarar 2004, tayarta ta yi faci, shi kuma yana bin rediyon garejin da fito, yana riga masu busa shiga. Nas ce a gidan kula da tsofaffi, ta taɓa aure ya mutu. Da magana ta yi nisa ta gaya masa gaskiya: auren farko ta yi shi ba da son mahaifinta ba, ta ga yadda ya ƙare, ba za ta sake ba. Mahaifiyarsa ma da ya kira Maradi abin da ta ce ke nan, in uban yarinya bai ce to ba, kada ya sake ɗauko mata zancen.

"Dadi zai gwada ka," Abigel ta ce masa. "Ba ya tambayar mutum albashinsa ko takardunsa. Faifai yake ɗora masa."

Alhaji Sale ne ya raka shi, wani dattijo Bakano mai kantin kayan abincin gida, wanda duk saurayin da ba shi da uba a garin shi yake shige masa gaba. Tun a mota yake mita.

"Ni dai ban taɓa jin inda aka nemi aure da garmaho ba. Ku 'yan Faranshi komai naku sai da kiɗa."

"Alhaji, ai ba ni na kawo tsarin ba."

"To ka dai ji ni. Ka cire takalmi, ka sunkuyar da kai, kada ka ci abinci kamar yau aka sallamo ka daga asibiti. Abin da ya ce, ka ce haka ne. Suruki suruki ne ko a Amurka."

Gidan ƙarami ne na katako a unguwar Glenwood, da baranda a gaba, ɗalibai na wucewa kan kekuna. Mahaifin Abigel, Mista Nicodemus, dogon tsoho ne, ya yi ritaya daga masaƙar yadin jins, matarsa ta rasu da jimawa. Bango guda na falonsa faifai ne tun daga ƙasa har rufi. Abdoul Razak ya ajiye takalmansa a bakin ƙofa, ya wuce kujerar da aka nuna masa, ya zauna kan kafet ya tanƙwashe ƙafa.

"Kujerar cizo take yi?" tsohon ya tambaya. Da Turanci ake hirar, Alhaji yana tsintar abin da ya samu.

"Dadi, ladabi ne a wurinsu," in ji Abigel.

Alhaji ya miƙa ƙunshin goro da alewa. Nicodemus ya ɗauki goro ɗaya ya gatsa, ya tauna a hankali, fuskarsa ta tattare.

"Wannan kyauta ce ko gargaɗi?"

Aka yi dariya, har da Alhaji da bai gama fahimta ba. Sai tsohon ya miƙe ya zaro faifai, ya juya baya don kada a ga kwalin, ya sauke allura. Kafin murya ta shigo Abdoul Razak ya gane Mai Gumi ne.

"Wane ne wannan?"

Ya faɗi sunan, idonsa a ƙasa.

"Ɗaga murya, yaro. Ba kafet ɗin ya tambaye ka ba."

Ya maimaita, ya ƙara da shekarar. Tsohon ya ce "Hm," Abigel ta yi murmushi daga bakin kicin, Abdoul Razak ya ji kafaɗunsa sun sauka. In haka gwajin yake, ai an gama.

Amma daga nan Nicodemus ya daina tambaya. Ya ɗora wani faifan, masu busa suka shigo da nauyi, ganga tana ja da baya kamar mai tafiya cikin yashi. Kiɗan birnin Memphis ne, ko kurma ya dafa bango zai gane.

"Ka ji Detroit ke nan," tsohon ya ce yana kaɗa kai. "Ba inda ake busa haka sai Detroit. Ko ba haka ba?"

Abdoul Razak ya ɗago kaɗan, ya sake sunkuyawa. Kuskure ne, kowa yana yi. Ga 'yarsa tsaye, ga baƙo a zaune. Wa zai buɗe baki ya gyara wa dattijo magana a falonsa?

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya dube shi na ɗan lokaci, ya canza faifai. Jita ta yi kuka ta cika ɗakin, Alhaji ya zabura ya dafe hularsa. Bahago ne. Hotonsa ya shekara manne a rumfar kawu, baƙin mutum da tulin gashi, jitar a juye a hannunsa.

"Turawan Ingila sun iya jita, a ba su abinsu," in ji Nicodemus. "Wannan yaron fari ne sol, daga Landan."

Wannan ya wuce zamewar baki. Abdoul Razak ya tuna kakansa, yadda abin ya fara masa da sunayen jikoki, yadda gidan duka suka koyi amsawa da duk sunan da ya kira su don kada ya ji kunya. Ya saci kallon Abigel. Ita waƙoƙin ta sani, ba ta damu da masu su ba, tana ta jera kofuna. Ba ta lura ba ke nan. Tausayin tsohon ya kama shi.

"Haka ne, Baba. Sun iya."

"Me yake cewa?" Alhaji ya raɗa da Hausa.

"Yabon Turawa yake."

"To ka taya shi."

Nicodemus ya daɗe a gaban kantar faifan kafin ya zaro na uku bayan na Mai Gumi. Wannan bai ɓoye shi da gangan ba, rungume shi kawai ya yi a ƙirji. Waƙa ce mai sanyi, fiyano da muryar mace. Bai kalli baƙonsa ba, taga yake kallo.

"Da wannan muka yi rawa da mahaifiyar Abigel ranar aurenmu," ya ce a hankali, ya ambaci sunan Sarauniya.

Ba Sarauniya ba ce. Wata ce daban, mai muryar da ta fi kauri, wadda ta riga ta fitowa.

"Allah ya ji ƙan mai ɗakinka," in ji Abdoul Razak. "Sarauniyar mawaƙa ce, Baba, haka ne."

Waƙar ta ƙare. Tsohon ya ɗage allura, ya rufe murfin garmahon.

"Na ji abin da nake son ji. Na gode da ziyara. Abigel, raka su."

"Dadi, ko shayi ba su sha ba."

"Raka su."

Wannan ko Alhaji bai nemi fassara ba. Ya gyara zaman babbar rigarsa, ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Ban san me ka ɓata ba, ɗan Faranshi, amma ka ɓata. Zan nemi ruwan alwala, kuma zan yi ta a hankali." Ya juya ga Abigel da guntun Turancinsa ya roƙi famfo da wurin sallar la'asar. Ta ja shi ta ƙofar baya, idonta ya cika da ƙwalla.

Falon ya rage su biyu. Nicodemus yana mayar da faifai cikin kwalaye, ya ba shi baya. Abdoul Razak bai san laifin da ya yi ba. Abin da ya sani shi ne yanzu ba 'ya, ba baƙo, kuma ko an hana shi Abigel, bai kamata ya fita ya bar mutumin nan cikin duhu ba. Ya matsa kusa, ya durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tsakanina da kai ne."

"Ina ji."

"Masu busar nan, a Memphis aka ɗauke su, ba Detroit ba. Mai jitar kuma baƙi ne, ɗan ƙasar nan, da hagu yake kaɗawa. A Ingila ya yi suna, wataƙila shi ya sa. Ba komai ba ne. Kakana ma haka ya fara, kuma ya daɗe cikin mutuncinsa. Ba zan gaya wa Abigel ba. Amma da ka ga likita."

Tsohon ya juyo gaba ɗaya.

"Tsaya. Kana nufin ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Ka zauna nan kana ce mini haka ne, haka ne, don ka ɗauka ƙwaƙwalwata ta tafi?"

"A gaban 'yarka ne. A wurinmu ba a yi."

Nicodemus ya zube kan kujera. Dariyar ta fara daga cikinsa, ta girgiza kafaɗunsa, har ya cire tabarau yana share ido.

"Likita! Ubangiji ka ji mini yaro. Tarko na ɗana maka! Mijinta na farko, duk abin da na faɗa sai ya ce yes sir yana murmushi, har ranar da ya kwashe kayansa ya bar ta. Na rantse ba mai sake shigo mini gida da yes sir. So nake in ga wanda zai dube ni ya ce tsoho, ƙarya kake."

"Wannan kam ba zan iya ba, Baba."

"Na ga alama." Ya mayar da tabaransa. "Tarko biyu, ka faɗa duka biyun saboda tausayi. Ban taɓa ganin irinka ba."

Abdoul Razak ya maimaita kalmar a ransa. Biyu. Da ya ga dama da ya bar shi a haka, ga dariya ta dawo, ga ƙofa ta buɗe. Amma mutumin ya gama faɗin abin da yake nema a wurin suruki.

"Uku ne, Baba."

"Biyu."

"Na ƙarshen. Ba ita ba ce." Ya faɗi sunan ɗaya matar.

Dariyar ta ɗauke. Nicodemus ya miƙa hannu ya ɗauko kwalin, ya nisanta shi da idonsa, ya karanta. Ya juya bayansa ya sake karantawa. A waje ana jin ruwan famfo yana zuba, da muryar Alhaji yana yi wa Abigel wani dogon bayani. Tsohon ya ɗora kwalin a gwiwarsa, ya shafa shi da tafin hannu.

"Ni na saya mata shi," ya ce. "Da kaina na je kantin."

"Muryoyin suna kama."

"Ba sa kama. Kada ka fara."

"To, Baba. Ba sa kama."

Can tsohon ya yi ajiyar zuciya.

"Watan jiya na tsaya a mahaɗar titi na rasa ta ina ake zuwa coci. Minti kaɗan ne, hankalina ya dawo. Ban gaya wa Abigel ba. Duk yini tana fama da irinmu a wurin aiki, ba na so ta dawo gida ta tarar da wani."

"In ta tambaya, zan ce duka ukun tarko ne."

"A'a. Ni zan gaya mata, da bakina, ba yau ba." Ya nuna shi da yatsa. "Ga yadda za mu yi. A gaban mutane ka yi abinku na gargajiya, ka ce haka ne, na ga yana da amfaninsa. Amma in mun rage mu biyu, duk abin da na kauce, ka faɗa mini. Ko ba kiɗa ba ne. Ka iya wannan?"

"Na iya, Baba."

"Dube ni ka faɗa."

Abdoul Razak ya ɗago. Wuyansa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu, amma ya dubi tsohon cikin ido, ya maimaita.

Nicodemus ya gyaɗa kai. Ya jingina kwalin a gefen kujera, ya gyara wuyan rigarsa.

"Je ka kira dattijon naka kafin ya ƙarar mini da ruwa. Ai da magana ya zo. Ya shigo ya faɗe ta yadda kuke faɗa, ni kuma in ba shi amsa."

Abdoul Razak ya miƙe, ƙafarsa ɗaya ta yi sanyi don zama, ya ɗingisa zuwa ƙofar baya. Abigel tana tsaye a kan matakala, ta harɗe hannu, tana jiran ya ce mata sai wata rana.

"Baba ya ce a kawo shayin," ya ce mata.