Walƙiya Ɗaya Tak

Makona uku da fara riƙe wa yayana ɗakin hoto, kuma har ranar ban iya fitilun nan ba. Dabarata ɗaya ce: in haska, in leƙa, in rage, in sake haskawa. Kafin fuska ta fito daidai sai na kashe wa mutum ido sau goma.

Sai ga wata mata da 'yarta mai shekara shida, baƙa siririya. Hoton fasfo suke so, gobe za a rufe karɓar takardu, kuma da shi za a fita da yarinyar ƙasar waje a yi mata aiki a ka. Wanda suka ɗauka da waya an dawo musu da shi saboda inuwa.

"Ƙanwata, farfaɗiya gare ta," in ji uwar a hankali. "Haske mai walƙiya ke tayar mata. Sau ɗaya za ki haska, don Allah."

Ɗakin ko taga babu balle hasken rana ya shigo, yayana kuma wayarsa a kashe, kamar kullum in ana nemansa.

Na ce su jira a waje, na rufe ƙofa. Launinmu ɗaya da yarinyar, don haka na saita kyamara ta ɗauka da kanta, na durƙusa daidai tsayinta. A hoton farko, goshina ya fito fari fat kamar an shafa alli. Na tsuke ƙofar gilashin kyamarar don rage haske, sai na koma duhu, idanu kawai. Na ja fitilar, mai lema a kanta, baya taku ɗaya, na sauke ta. A na bakwai na ga fuskata sosai, har da gumin tsoro.

Na kira su ciki, yarinyar ta hau kujera. Uwar ta cire gyale ta shimfiɗa a ƙasa, ko da za ta faɗi. Na danna.

Yarinyar ta ƙame, ba ta ko motsi.

Can ta ce, "Anti, an gama?"

Na leƙa hoton. Hasken ya zauna daram, babu inuwa ko ɗaya. Amma idanunta biyu a rufe, ba za a karɓe shi ba.

Uwar ta daɗe tana kallon hoton. Ta koma ta durƙusa gefen kujerar, ta buɗe hannuwanta.

"Sake," ta ce.