Aljihun Ghali

Shekara goma sha ɗaya na yi ina taka keken ɗinki a wani ɗan shago a Batha, kuma ban taɓa sa almakashi a yadi ba sai na auna shi sau uku. Hausawan Riyad suna cewa Sha'aban tela akwai tsirfa da saurin fushi. Ban musa ba. Amma dai babu wanda ya taɓa dawo min da riga ya ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Wanda ya fi kowa shan wannan hali nawa shi ne ƙanena Ghali. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na ba shi shekara tara, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba. Shi yana gida, a ƙauyenmu Tungar Lado ta ƙasar Zamfara, tare da Inna da matarsa Muhibba. Babur gare shi, duk Laraba yakan ɗauki albasa da fasinja zuwa kasuwa. Doka ɗaya na kafa masa tun zuwana Saudiyya: in na kira, kada wayar ta yi ƙara uku bai ɗauka ba. Sau ɗaya ya karya ta, yana tsakiyar huɗa a gona, na yi wata guda ban yi masa magana ba. Daga nan ko loma ce a hannunsa sai ya aje ta. Inna har tsokanarsa take yi, wai in Yaya ya kira, Ghali zai iya sallame azahar a raka'a ta biyu. Ina jin wannan sai in ji daɗi, don a lokacin ladabi na ɗauke shi.

A daminar 2018 hanyar kasuwa ta lalace. 'Yan bindiga suna fitowa daga cikin dawa su tare mutane da rana tsaka. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na kira shi kamar yadda na saba, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce:

"Yaya, bindiga nake so."

"Farauta ka fara?"

"A'a. 'Yar ƙarama, marar nauyi, wadda za ta shige riga ba a gani, kuma wadda ƙarfinmu zai kai. Larabar nan sun tare wani a mashigin rafi, sun tafi da shi da babur ɗinsa. Ni ne a bayansa, Yaya. Tsakaninmu bai fi jifa ba."

Na zazzage shi tas. Na ce ɗan gidanmu da bindiga, wa ya taɓa gani? In hukuma ta kama shi fa? Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "To in daina zuwa kasuwar? Mu ci me?" Tambayar nan ta ƙara min haushi.

Ya ce wani mutum ya nuna masa guda uku, zai turo min hotunansu. "Kai za ka zaɓa. Ba zan taɓa ko ɗaya ba sai ka ce."

Ni kuwa me na sani a kan bindiga? Baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙasar nan ko wuƙar yankan nama da hankali yake ɗauka a titi. Sai na kai hotunan wurin Issoufou, mutumin Maraɗi, tsohon soja, wanda yake gadin gidan da muke haya a Manfuha. Na same shi bayan la'asar yana dafa shayi a bakin ƙofa. Ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa.

"Wagga babbar ta soja ce," in ji shi. "Ka sa ta cikin riga, makaho ma ya gane. Wagga 'yar mitsitsiyar arha gare ta, ba nauyi, amma wanda bai saba ba in ta tashi sai ta fizge mai hannu. Ta tsakiyar dai da dama-dama." Ya miƙo min wayar. "Amma in hwaɗa maka gaskiya, Sha'aban? Mutum guda da 'yar bindiga gaban mutum goma, ba abin da take rage mai sai tsoro. Tsoron nan kuwa shi ka maido mutum gida."

"Zaɓe na zo ka taya ni, ba wa'azi ba," na ce.

Ya ɗaga kafaɗa ya zuba min shayi.

Daga nan tsirfata ta motsa. Na yanka kwali a siffar kowacce, na ɗinka 'yan jakunkuna na cika su da maɓallai, Issoufou yana gwadawa a tafin hannu yana cewa ƙara ko rage har nauyin ya yi kama. Nakan sa ɗaya a aljihun gefe in yi tafiya zuwa masallaci in ga yadda take jan riga. Duk ukun suna ja. A idon tela, riga mai ja ta gefe guda ai shela ce. Sai na yanke cewa rigar za a fara yi, zaɓe ya biyo baya. Kowace Juma'a Ghali zai tambaya, "Yaya, ka zaɓa?" Ni kuma in ce masa sauri kan haifi nawa.

Na samo yadi mai kauri ruwan toka. Na yi aljihun can ƙarƙashin hammatar hagu, bakinsa yana ɓoye a tsagar ƙirji, na ninka masa shafi biyu, na rataya nauyinsa a ɗinkin kafaɗa don kada ya ja. Sau huɗu ina farkewa. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma har yau ba na jin zan sake. Kafilina Abu Fahad, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, ya shigo shagon ya tarar ina laluben wurin, ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Na ce masa aljihun jawwal ne, wato waya, don ɓarayi. Ya yi dariya ya ce in yi masa irinsa.

Hajiya Sauda mai safarar kaya ce ta tafi da rigar gida. Bayan kwana tara hoto ya iso: Ghali a tsakar gida, ya buɗe hannuwa, haƙora duk a waje. "Yaya, ko Muhibba ba ta gano aljihun ba sai da na nuna mata," in ji shi. "Na sa waya a ciki tana ɗumama wurin kafin mai aljihun ta iso. Yaushe za ka zaɓa?" Na ce ya ba ni mako guda.

Ranar wata Laraba aka rufe shaguna don sallar azahar. Bayan an idar ina zaune a dakalin shagon da kwalayen nan uku a hannu, sai kawai zuciyata ta tsaya a kan ta tsakiyar. Na san Laraba ce. Na san azahar ɗin Riyad hantsi ne a gida, lokacin da yake kan hanyar kasuwa, shi ya sa ban taɓa kiransa ranar Laraba ba. Amma ni in na gama shawara ba na iya kwana da ita. Na latsa lambarsa.

Ta yi ƙara ɗaya, biyu, uku, har ta tsinke. Na sake kira, aka ce a kashe take. Raina ya ɓaci. Na danna saƙon murya na ce, "Kai Ghali, ka girma ke nan ko? Don ka sa sabuwar riga? Na bar aikina ina wahala a kanka, kai kana kashe min waya. To ka kyauta." Na koma kan keke na ci gaba da ɗinkin wandon wani ɗan Zinder.

Bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta shigo. Basiru ne, maƙwabcinmu, wanda Ghali ya goya zuwa kasuwa ranar.

"Yaya Sha'aban, sai haƙuri. Ghali lokaci ya yi."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Na ce ya faɗa min komai, kada ya rage.

"A mashigin rafi suka fito, su shida. Suka ce mu sauka mu ɗaga hannu. Babur kawai suke so, wallahi har sun ce mu juya mu tafi. Sai waya ta yi ƙara a jikinsa. Kafin ta yi ta biyu na ga ya sauke hannu ya zura cikin riga, can ƙarƙashin hammata, kamar ba da saninsa ba. Ɗayansu ya yi ihu, 'Bindiga gare shi!' Shi ke nan, Yaya. Da suka laluba suka ga waya ce, sai suka tafi da ita. Ko wanda ya kira ba mu sani ba."

Kafin magariba an rufe shi. Ni fasfona yana hannun kafili, takardar fita kuma ba a yini guda take samuwa ba. A ɗakinmu na Manfuha na karɓi gaisuwa, a kan tabarmar roba, Issoufou yana raba ruwa da dabino. Bai ce min ai na faɗa maka ba. Da ma ya faɗa, da na samu wanda zan yi faɗa da shi. Ina duba wayata ina ganin saƙon muryar nan yana nan bai isa ba, na kasa saurara, na kasa gogewa. Baƙin cikin mutuwa daban, wannan da nake ɗauke da shi ni kaɗai daban.

Ranar sadakar uku aka haɗa ni da Inna. Ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta ce rigar da na aiko ce a jikinsa, Muhibba ta wanke ta, ta ƙi yarda a bayar. Ta ce tun da rigar ta iso bai sa wata ranar kasuwa ba, yana ta nuna wa mutane ɗinkin yayansa.

Na ce, "Inna, ni ne na kira."

Ina jin kukan awakinmu a bayanta.

"Na sani, Sha'aban," in ji ta. "Tun da Basiru ya ba da labari na sani. Wa Ghali zai sauke wa hannu a gaban bindiga in ba kai ba?"

Sannan ta tambaye ni ko na samu na ci wani abu.