Wufa Biyu da Lungun Baba

Mijina a kantin magani yake aiki, amma a gida Injiniya muke ce masa, don babu wayar wuta ko soket da ya taɓa bari ya zauna lafiya. Da muka tashi gina gida sai ya matse ɗakunan kwana kamar na haya, ya zuba duk filin a falo. Falo ne wanda in ka tsaya a wannan bangon kana kiran yaro a wancan, sai ka ɗaga murya. Ya ce na kiɗa ne da kallo. Na ce to, Allah ya sa alheri.

Mahaifinsa, Baba, yana wurinmu tun rasuwar surukata. A masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, injinan can suka cinye masa kunne. In kana so ya gane maganarka sai ka tsaya a gabansa ya ga bakinka. An sayo masa na'urar kunne, ya ce fito kawai take yi masa, ya jefa ta a durowa. Mutum ne da a da in ya buɗe hira sai an roƙe shi ya rufe, amma kurumta ta mai da shi ɗan ɗaki, ya yini a ciki ƙofa a saye. Abu ɗaya ke fito da shi. In an gama abincin yamma Injiniya ya kunna kayan sautinsa, sai ka ji takun silifas, Baba ya fito ya wuce duk kujerun nan masu laushi, ya tafi can lungun falo ya zauna a kujerar katako, bayansa jingine da bango. Ba ya tashi sai an kashe.

Wannan zaman shi ne kaɗai rabonmu da shi, shi ya sa ba na wasa da shi. A nan yaran suke hawa cinyarsa, a nan nake ganin ko ya ci abin da na ajiye masa, a nan yake dariya. Mun ɗauka hoton talabijin yake kallo, in kuma kiɗa aka sa, mu yake kallo.

A lungun, dab da kujerar Baba, akwai tsohuwar wufa, wato sifikar nan mai fitar da ƙasan sauti, dum-dum ɗin da ake ji a ƙirji. Tun muna gidan haya Injiniya ya saye ta, kuma a ɗan falon can ta isa har ta yi yawa. A nan kuwa ta rikice. A tsakiya, inda yake zama, kusan ba a jin ta, a lungun kuma gurnani take har gilashin kabad yana rawa. Abin nan ya tsaya masa a rai kamar ƙaya.

"Ke ba kya jin yadda take kumbura sauti a can?" in ji shi.

"Ni dai ina jin kofuna na suna kuka."

"Ai maganar kenan. Ɗakin ya fi ƙarfinta. Nan rami, can tudu."

Daga nan gidanmu ya shiga uku da zancen wufa. A kan abinci wufa, a mota wufa, har in na tambaye shi ko ya ɗauko yara daga makaranta sai ya dube ni kamar daga barci na tashe shi. Rannan ya ja ni shagon masu sayar da kayan sauti, wai in taya shi zaɓe, ni da ko rimot sai na tambayi yara. Mai shagon wani dogo ne mai daɗin baki, ya zaunar da mu ya kunna mana wata ƙatuwa mai rami a gaba. Aka sa fim, jirgi ya tashi, na ji kujerar da nake kai tana rawa. Sai aka sa kiɗa, Injiniya ya yamutsa fuska, ya ce gangar tana jan ƙafa, ba ta tsayawa inda mai kiɗan ya tsayar da ita. Aka kunna wata rufaffiya, marar rami. Wannan kiɗanta tsaf, amma da aka dawo kan jirgin sai ya ce bai ji ya tashi ba.

"Oga, abu biyu kake nema a jiki ɗaya," in ji mai shagon. "Falon naka kuma ka ce fili ne. Ka ɗauki ƙatuwar kawai, ta girgiza maka gida."

"Ba girgiza nake nema ba, daidaito nake nema. Guda ɗaya komai girmanta sai ta cika wani wuri ta bar wani. Ina so duk kujerar da mutum ya zauna ya ji abu ɗaya."

Na tuna maganar nan sosai, don ta burge ni. Ba don kansa kaɗai yake yi ba, da mu duka yake. Suka yi ta ja, ta inda wannan ya shiga ba ta nan wancan yake fita ba, har dai aka tsaya a kan rufaffu guda biyu manya, wai abin da ɗaya ta rasa ɗayar ta cike.

Ranar da aka kawo su na ga abin da ban taɓa gani ba. Injiniya ya ɗora wufa ɗaya a kan kujerarsa, ya kunna wani dum-dum da ba ya canzawa, sannan ya durƙusa ya fara rarrafe a bin bango, kunne a ƙasa. Mutum da furfura a gemu. Ya ce haka ake yi, duk inda ya ji sautin ya fito sumul, nan ne mazaunin wufar. Yaran suka bi bayansa suna rarrafe, ni ina bakin kicin dariya ta hana ni tsayuwa. Baba ma ya leƙo, ya dube shi, ya ce da muryarsa mai ƙarfi, "Kai, me ka yar?"

Ɗaya ta samu wuri a gaba, ɗayar a tsakiyar bangon gefe. Ya sa musu ƙafafun roba don kada su kaɗa daɓe. Ya kafa makirufo yana bin kujeru, wata na'ura tana wani kuka tana auna sautin, tana rage inda ya yi yawa. Lungunan kuwa ya cika su da wani soso mai kauri da ke shanye gurnani, don haka sai da aka ɗan jawo kujerar Baba gaba, ta rabu da bango. Tsohuwar wufar ya ba wa mai askinsa kyauta.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Da ya kunna da yamma sai na ji kamar makaɗan suna cikin falon. Ya sa na zauna nan, na koma can, duk abu ɗaya. Kabad ya yi shiru. Bakin Injiniya har kunne.

Baba ya fito kamar kullum ya zauna. Can na ga ya gyara zama, ya sake gyarawa. Ya ɗora tafin hannu a hannun kujerar, ya ɗauke, ya miƙa baya ya taɓa soson. Ya dubi allon, ya dube mu muna kaɗa kai. Ba a kai rabin kiɗan ba ya tashi ya shige. Na ce ko gajiya ce.

Kashegari Baba ya gwada kushin, abin da bai taɓa yi ba. Wata rana ya zauna a ƙasa. Injiniya har daɗi ya ji, ya ce kin gani, yanzu ko'ina wurin zama ne. Daga nan Baba ya fara tsallake rana, daga tsallake rana ya daina fitowa. Sai mu kunna, in kasa kunne ina jiran silifas ɗin nan, shiru. In tura yara su jawo shi, ya shafa kansu ya ce su je yana zuwa. Abinci ya koma dawowa kusan yadda na kai. Na shiga na tsaya a gabansa na ce, "Baba, ko wani ya ɓata maka rai ne?"

"Babu kowa, 'yata. Tsufa ne."

Muka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Injiniya ya sayo finafinan da yake ganin Baba zai so, masu dawakai da faɗa, ya saka ya je ya kira shi. Ya zo don kunyar ɗansa, ya zauna kamar baƙo a ofis, ya koma. Ni kam raina ya ɓaci, har na fara jin haushin falon gaba ɗaya, ban san dalili ba.

Rana tsaka Baba ya ce a kai shi wurin Yaya, babbar 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa. Injiniya ya roƙe shi, ni ma na roƙa har da hawaye. Ya ce babu abin da muka rage shi da shi, sauyin wuri kawai yake so. Yaya kuwa da ma ta daɗe tana nema, ta ce a kawo mata shi tun kafin ya sake shawara.

Da safe muka kama hanya, Baba a baya don ya miƙe ƙafa, ni a gaba. Tafiya ta yi tafiya babu mai cewa komai. Da shirun ya ishi Injiniya sai ya kunna kiɗa. Motar tasa ma ai bai bar ta ba, akwai wata wufa da ya cusa a but, wurin kaya, a jikin kujerar baya, wadda ba ta san wani daidaito ba.

Sai muka ji Baba ya yi ƙara. "Ya dawo!"

Na waiwaya a tsorace. Ya manna bayansa da kujera, idonsa a buɗe, hannunsa yana buga gwiwa daidai da gangar.

"Me ya dawo, Baba?"

"Kiɗan! Ga shi nan a bayana. Ashe bai tafi ba!"

Injiniya ya gangara gefen titi ya tsaya, ya juyo gaba ɗaya don Baba ya ga bakinsa. "Baba, da ma kana ji?"

"A lungun nan nawa? Sosai ma. Ba ta kunne ba, ta nan yake shiga." Ya bubbuga haƙarƙarinsa. "Ganga, tsawa, tashin mota, duk ina ji. Rannan na zauna na ga kuna kaɗa kai, ni shiru. Na canza wuri, shiru. Na ce shi ke nan, ɗan ragowar ma Allah ya karɓi abinsa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce me? Ka kawo sababbin kaya har biyu, kana ta murna. Sabo ai ya fi tsoho ƙara. In ban ji ba, ni ne na ƙarasa lalacewa. Kuma zama ina kallonku kuna jin abu ni ba na ji, ba zan iya ba."

Na dubi mijina, fuskarsa ta canza kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce, "Baba, ba kai ba ne. Ni na cire shi. Gurnanin lungun nan, shi na bi na kashe. Gyara na yi."

Sai da ya maimaita kafin Baba ya gane. Ya dube shi, sannan ya yi wata 'yar dariya wadda har yau ban manta da ita ba. "Gyara," ya ce. "To, ka iya gyara."

"Mu juya, Baba. Yau ɗin nan zan cire soson, in karɓo tsohuwar wurin mai aski, in mayar da komai yadda yake."

"A'a. Yayarka ta share ɗaki, ta gaya wa mutane ina zuwa. Ba a yi mata haka. In yi mata kwana biyu, sai ka zo ka ɗauke ni."

Duk yadda muka yi ya ƙi. Ya ce dai a ƙara ƙarar. Haka muka ƙarasa tafiyar, motar tana kaɗawa, kaina yana sarawa, ban ce a rage ba. Baba ya lumshe ido yana buga gwiwa, wani lokaci har da ɗan waƙe-waƙensa da ba su hau kan kiɗan ba. Injiniya yana tuƙi yana share fuska da hannun riga.

Kwana biyun nan ba su cika yadda aka so ba. Sanyi ya kama Baba a can, ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Da mun san haka, da ko Yaya za ta yi fushin shekara sai mun juya da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne watannin da ya yi a ɗakinsa yana makokin abin da bai rasa ba, mu kuma muna falo muna yaba sauti.

Amma a ranar ba mu sani ba. Mun isa ƙofar gidan Yaya da la'asar, ta fito da gudu tana oyoyo, ta buɗe masa ƙofa. Baba ya ɗaga mata hannu, bai motsa daga jikin kujerar ba.

"Dakata, uwata," ya ce. "Bari waƙar nan ta ƙare."

Yaya ta tsaya riƙe da ƙofa tana kallona, tana tambayata da ido ko lafiya. Injiniya ya kifa goshi a kan sitiyari, yatsansa a kan maɓalli. Duk lokacin da waƙar ta zo ƙarewa, sai ya mayar da ita farko.