Ƙofar Iya Zuwaira

Ko ƙasar maƙabarta Malam Ladan bai kakkaɓe daga ƙafarsa ba, sai ga ɗan acaɓa ya sauke mutumin a ƙofar gidan Iya Zuwaira, sanye da farar shadda har da turare.

Hafizu ne, tsohon mijin Furera. Tare 'yan bindiga suka koro su daga ƙauyensu zuwa Tiga, suka sauka a layin nan, amma abin da 'yan bindiga suka rage a jikinta, shi ya ƙarasa da hannu. Iya Zuwaira mai bandar kifi ce ta tsince ta, kamar yadda ta tsinci sauran matan da ke gidan. Ta ba ta ɗaki, ta koya mata banda, ta yi ta jan ta zuwa kotu har alƙali ya raba auren. Duk ranar da Hafizu ya zo biko, da itacen wuta Iya take tarbarsa. Ladan kuwa daga tagarsa yake kallo, don jarumtarsa ba ta taɓa wuce zagin gwamnati a gaban rediyo ba.

Jiya, numfashi na yi mata gardama, Iya ta sa aka kira shi.

"Ladan, ban ga namiji a layin nan ba, amma kai ne kusa. Ka riƙe min ƙofa."

"Allah ya ba ki lafiya, Iya."

"Ba lafiya na ce ba. Ƙofa."

Da asuba ta cika.

Yanzu ga Hafizu ya durƙusa a gaban maza, ya yi addu'a mai tsawo, har da share ido. Sannan ya miƙe ya nufi zaure. "Bari in yi wa mata gaisuwa."

Wayon ke nan. Gidan rasuwa ba a hana kowa shiga. Ladan ya dubi mutanen da ke kan tabarma, kowa ya duƙufa kan carbinsa.

"A bar shi," in ji liman. "Wataƙila Allah ne ya kawo sulhu."

Sulhu! Duk layin nan babu wanda bai ji ihun yarinyar ba lokacin da ake dukanta, har da Ladan kansa. A lokacin ba wanda ya tashi, sai yau da aka binne tsohuwa kowa ya zama mai shirya aure. Ladan bai san sanda ya tsaya a bakin zauren ba, tumbinsa ya cike rabin ƙofa.

"Yi a nan. Za a kai musu."

"Kai wane ne nata?"

"Maƙwabci."

"Baba, matsa, kada ka ji ciwo."

"Ka saba ai. Bismilla, fara da ni a gaban liman."

Muryarsa ta fito siririya kamar ta ɗan akuya, amma dai ta fito.

"Malam, ɗan ba ni hanya."

Furera ce a bayansa, da faifan gumbar sadaka a hannun hagunta, wanda har yau ba ya dunƙulewa. Ta tsaya daga cikin dokin ƙofa, ta ɗauki curi ɗaya ta miƙa wa Hafizu.

"An gode. Allah ya ba da lada."

"Furera, don Allah mu yi magana."

"A gai da gida."

Ta miƙa wa Ladan faifan ya raba wa maza, ta juya ciki ba gaggawa. Hafizu ya tsaya da gumba a hannu yana duban tabarma, babu wanda ya ɗago. Can ya yafito acaɓa.

Ladan ya zauna a dokin ƙofar. Masunta ba su ji rasuwar ba, tun safe suka aiko da kifi kamar kullum. Daga tsakar gida ya ji an jawo baho, an zuba ruwa, wuƙa ta fara kankarar ɓawo.